Maigida ya ce fita da mata aikin 'yan boko ne, ina neman shawara

Uwar Zaure:
Assalamu alaikum jama'a. Wata 'yar uwa ta turo wannan ta akwatin saƙo, ta ce a sakaya sunanta. A ba ta shawara cikin ladabi. Wanda ya yi zagi zan fitar da shi, ba sai na ja kunne ba.

"Salam Anti, don Allah a saka min wannan. A Kano muke, aurenmu ya kwana biyu, Allah Ya ba mu yara. Ba zan yi wa maigidana sharri ba: ci, sha, sutura, kuɗin makaranta, bai rage mu da komai ba. Damuwata ɗaya ce, kuma duk wadda na faɗa wa sai ta ce ƙoshi ne ya yi min yawa. Tun da aka kawo ni gidan nan, ni da shi ba mu taɓa fita mu biyu don jin daɗi ba. In kin gan mu tare a mota, to asibiti za mu, ko gaisuwar mutuwa, ko zai sauke ni gidan biki ya juya. Ya taso kasuwa gab da magariba, ya yi wanka, ya ci tuwo yana danna waya, ana idar da isha'i sai majalisa. Kafin ya dawo na gama da yara barci ya kwashe ni. Kwanakin baya shi da abokan majalisarsa suka haɗa kuɗi suka tafi Yankari, ya dawo yana nuna min hotunan giwaye da ruwan Wikki. Na ce, Abban yara, ni yaushe za ka kai ni? Ya yi dariya ya ce wannan ai aikin 'yan boko ne, so kike a ce na zama mijin-ta-ce? Na yi shiru, amma maganar ta tsaya min a rai. Ni ce na cika buri ko kuwa? Kuma ta ina zan ɓullo masa?"

Maman Ilham:
'Yar uwa ba ƙoshi ba ne, kuma ba ke kaɗai ba ce. Mata da yawa a zauren nan in za su buɗe baki labarinsu ke nan. Ni abin da ya fi ƙona min rai ma nuna miki hotunan da ya yi. Ka tafi ka sha iska da ƙattin maza, ka dawo ka zauna kana nuna wa wadda ka bari da wankin yunifom. Allah Ya ba ki haƙuri.

Baban Sadik:
To, an fara. Mata ku ji tsoron Allah. Da bakinta ta ce bai rage ta da komai ba. Kun san yadda ake nemo kuɗin nan kuwa? Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar da muke sha ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya har ta tsallake 1,000. Kano zuwa Bauchi kusan kilomita 300 ne, ban da hanyar dajin, ban da dawowa. Ga ɗaki, ga abinci, ga kuɗin shiga. Maza in sun haɗu sun cika bas, kowa ɗan kaɗan zai bayar, su cunkusu a ɗaki ɗaya ba ruwansu. Mutum da matarsa kuwa komai a wuyansa yake. Buhun shinkafa ya fi ganin giwa amfani a gida.

Ummu Khairat:
@Baban Sadik Malam, koma ka sake karantawa. Bai ce babu kuɗi ba. Da cewa ya yi "bari Allah Ya hore", da ba ta rubuto ba. Cewa ya yi aikin 'yan boko ne, wato ko kuɗin na nan ba za ta ga hanya ba. Kuma a bar Yankari. Nawa ne kuɗin shiga gidan zoo na Audu Bako? Nawa ne Gidan Makama? Nawa ne ya ce sa hijabinki mu je mu sayo balangu mu dawo?

Baban Sadik:
Gidan zoo ai na yara ne ranar yawon sallah. Ni da gemuna in tsaya da mace ina kallon kura?

Ummu Khairat:
Amma da gemun naka za ka iya kallon giwa in da abokai ne.

Maman Ilham:
Ummu Khairat kin biya ni, wallahi.

'Yar Bauchi:
Bari in ba da bayanin wurin ko wani zai amfana, don ni da maigidana mun je, kuma ba mu kaɗai ne ma'aurata a can ba. Na ga masu niƙabi da mazajensu masu ɗangalallen wando, babu wanda ya yi kama da ɗan boko a cikinsu.

Daga cikin garin Bauchi hanyar Gombe za a bi har Dindima, a nan ake karkatawa zuwa ƙofar shiga da ke Mainamaji, a ƙaramar hukumar Alkaleri. Kada ku ce kun iso don kun ga ƙofa. Daga nan zuwa sansanin Wikki, inda ɗakunan kwana suke, akwai sama da kilomita 40 cikin daji, don haka a isa da sauran rana. In dabbobi ake son gani, ƙarshen rani ya fi, wajen Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin ciyawa ta bushe suna gangarowa kogin Gaji shan ruwa. Da damina daji ya rufe, sai ku yi ta zagaye ba ku ga komai ba sai tsuntsaye. Giwa kuma sa'a ce, wani ya gani, wani bai gani ba.

Ruwan Wikki kuwa ɗuminsa ɗaya ne dare da rana, rani da damina, digiri 31, garau har kana ganin yashin ƙasa. In rana ta yi ana cakuɗuwa maza da mata, to mu sai muka sauka da sassafe bayan asuba, babu kowa. Na zauna a baki na tsoma ƙafafuna, shi ya shiga. Sai kuma gwaggon biri: a rufe ƙofa da taga, kada a riƙe leda a hannu, sun san abinci a ciki yake.

Abin da ke ba ni takaici, tun 1962 aka buɗe wurin nan ga jama'a, mutane na tasowa daga Legas da ƙasashen waje, amma akwai matan da aka haifa a Bauchi suka tsufa a Bauchi ba su taɓa leƙawa ba, mazajensu kuwa sun je ba adadi. A dai kira a tabbatar da ɗaki, a kuma tambayi halin tsaron hanya kafin a tashi.

Almajirin Malam:
Assalamu alaikum. Ba fatawa zan bayar ba, abin da muka karanta a gaban malamai zan faɗa, saboda kalmar nan ta "aikin 'yan boko" ta yi min nauyi.

Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta ba da labari cewa suna cikin wata tafiya Manzon Allah (SAW) ya ce wa sahabbai su yi gaba, sannan ya ce ta zo su yi tsere. Ta wuce shi. Bayan wani zamani da ta yi jiki suka sake, ya wuce ta, yana dariya yana cewa wannan ramuwar waccan ce. Abu Dawuda ya ruwaito. A Bukhari kuma akwai ranar idi da Habashawa ke wasa da māsu a masallaci, ya tsaya a ƙofa yana kare ta da mayafinsa tana kallo, bai gusa ba sai da ita ta ce ya ishe ta. A hanyar dawowa daga Khaibara ya durƙusa ya kafa gwiwarsa, Nana Safiyya ta taka ta hau raƙumi, a gaban runduna. Da aka tambayi Nana A'isha me yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita.

To wace makarantar boko aka yi a Madina? Abin da ke hana mu al'ada ce da kunyar idon mutane, mu kira ta da sunanta, kada mu jingina wa addini. Sharaɗi dai a kiyaye sutura, a guji wuraren ɓarna, kada a ci bashi don yawon buɗe ido.

Ɗan Majalisa:
Malam ka yi gaskiya, ba na ja da hadisi. Amma ina so mata su fahimci wani abu game da majalisa, don na ga ana maganarta kamar wurin shashanci. A majalisa ake jin inda kaya suka sauka da araha. A nan ake haɗa gudummawa in matar wani ta haihu ko an kwantar da ɗansa. A nan ake samo wa ƙane aiki, a sasanta rigimar fili, a san wa ya rasu a unguwa. Kuɗin asibitin da aka biya miki wata rana, ƙila daga kan bencin nan ya fito ba ki sani ba. Namijin da ya daina zama da mutane, ranar da ta same shi shi kaɗai zai ɗauka.

Ummu Khairat:
Babu wanda ya ce a rushe majalisa. Amma kullum? Daga isha'i har sha ɗaya, ranar aiki da ranar hutu? Kuma tsakani da Allah, kashi nawa na hirar ne neman aikin ƙane, kashi nawa ne Arsenal da Madrid da wa zai fito takara?

Ɗan Majalisa:
Wannan kuma sirrin majalisa ne, Hajiya.

Ɗiyar Damagaram:
Kamar gidanmu kike ba da labari. Namu mazan suna fada, wato majalisarsu ta hira, butar shayi bisa gawayi, a sha na ɗaya, a sha na biyu, a jira na uku, har dare ya raba. In lokacin kokowar takobi, babbar gasar kokowa ta Nijar, ya zo su cika mota su yi Maraɗi ko Tawa ko Dosso, mu sai dai mu gani a talabijin in akwai wuta. Ni a Zinder aka haife ni, baƙi na zuwa tun daga Faransa su ga fadar Sarkin Damagaram da unguwar Birni, ni ban taɓa tsayawa na dube ta da kyau ba sai bayan na yi aure. Abin da na yi, ban ce mishi mu tahi yawo ba. Na ce ya kai ni gaida gwaggonshi da ke cikin Birni ranar Juma'a bayan la'asar. Bisa babur muka je. Da muka hito na ce mu bi ta gaban fada. Daga nan ya zama al'ada, gwaggo na shi albarka, ni ina shan iska, har kilishi ake saya min a hanya.

Maman Ilham:
Ɗiyar Damagaram kin iya siyasa. Amma abin haushi ne a ce sai mace ta ɓuya a bayan gwaggo kafin mijinta ya fita da ita.

Hajiya Babba:
'Ya'yana ku bar tsohuwa ta sa baki, jikata ce ke rubuta min.

Mu auren kulle aka yi mana. Ba ma fita da rana sai da larura. In za a je unguwa sai bayan magariba, yaro a gaba riƙe da fitila. Marigayi Malam, Allah Ya jiƙansa, bai taɓa kai ni ko gindin Dala ba, alhali daga saman soronmu ana hango ta. Amma ban taɓa jin abin da yarinyar nan take ji ba, kuma zan faɗa muku dalili. In ya dawo daga masallaci ya ɗan zauna a zaure da mutane, ba ya daɗewa. Sai a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya kunna rediyo mu ji Kaduna ko BBC, in an gama ya kashe. Daga nan sai labari. Fataucin goro yake yi, sai ya ba ni labarin Shagamu da Agege, yadda ake jera goro a huhu da ganye, yadda jirgin ƙasa ya tsaya da su a daji, wa ya ci bashi ya gudu, wa ya yi sabon aure. Ni ma in ba shi na gida, har da faɗan maƙwabta. Na san garuruwan nan unguwa-unguwa ban taɓa taka su ba. In zai sayi wani abu babba, ni ce farkon ji.

Ke 'yata, na sa an karanta min wasiƙarki sau biyu. Inda na tsaya shi ne wurin da kika ce yana cin tuwo yana danna waya. Nan ciwon yake. In ya kai ki Yankari da wayar nan a hannunsa, kuna zaune kowa ya yi shiru, hoto kawai za ki dawo da shi. Ki fara nemo hirar tukuna. Ki tambaye shi kasuwa, ki san sunan yaran shagonsa, ki san wa yake binsa bashi, wa yake bi. Namiji yana komawa inda ake sauraronsa.

Baban Sadik:
Allah Ya ƙara girma Hajiya. Irinku ne suka yi ƙaranci. Kun ji ko, mata?

Hajiya Babba:
Kai ma ban wanke ka ba, ɗana. Malam da ƙafarsa yake shigowa ya zauna. Da zaure ya riƙe shi har tsakar dare, da wa zan yi hirar, da turmi?

Ummu Khairat:
Allah Ya saka da alheri Hajiya, mun karɓa. Sai dai da girmamawa, zamaninku gidan yawa ne. Akwai faccaloli, akwai surukai, akwai masu talla na shigowa, tsakar gida ba ta rabuwa da mutane. Mu yanzu an kai mu bayan gari, falo da ɗaki biyu, katanga da get, maƙwabciya ba ta san sunanki ba. Yara sun tafi boko, sun dawo sun tafi islamiyya. Mace ta wuni ita da bango. Don haka fitar ma tana da nata amfanin, ko ba a yi hira ba ido ya ga wani abu daban.

Uwargida Sarautar Mata:
Ku kuna kukan ba a fita da ku. Ni nawa ya iya fita da mace sarai, sai da ya yi amarya na sani. Shekara da shekaru ina ce masa mu je ko Kaduna ne, yana cewa hanya ba kyau. Amarya ko wata uku ba ta yi ba, ya ɗauke ta suka je Kaduna, suka hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja, wai zai ga wani abokin harka. Jirgin nan da aka kai wa hari a watan Maris na 2022, aka dakatar da shi har Disamba, wanda duk lokacin da na ambata sai ya tuna min da harin. Da ita tsoron ya gushe. Kuma kwanakin da suka yi har da nawa a ciki. Malam, ina hukuncin wannan?

Almajirin Malam:
Hajiya, Allah Ya sanyaya zuciya. Abin da ya tabbata a Bukhari da Muslim, Manzon Allah (SAW) in zai yi tafiya ƙuri'a yake yi tsakanin matansa, wadda ta faɗo a kanta da ita za a tafi. Malamai sun saɓa a kan ko wajibi ne. Shafi'iyya da Hanabila sun ce dole a yi ƙuri'a sai in sauran sun yarda. A mashhurin mazhabarmu ta Malikiyya, miji yana da zaɓi a tafiye-tafiye, ban da irin tafiyar hajji da jihadi, nan ƙuri'a ake yi. Dalilin da ake kawowa shi ne wata matar ta fi iya wahalar hanya, wata kuma ta fi iya riƙe gida. Amma wannan sauƙin ba lasisin zalunci ba ne. Wanda kullum zaɓinsa a kan mutum ɗaya yake faɗawa, ya san abin da ke zuciyarsa, kuma Allah Ya sani. Maganar kwanakinki, ku zauna da malamin da ya san ku ya ji ta bakin kowa, ba a yanke irin wannan a zaure.

Uwargida Sarautar Mata:
Na gode Malam. In ƙuri'ar ce ma na yarda, ko sau ɗaya ta faɗo kaina.

Abu Hanan:
Ni namiji ne kuma ina fita da iyalina, bari in faɗa muku abin da ake gamuwa da shi, don ku san tsoron mazan ba a banza yake ba.

Wani dare na ɗauki maman yara muka je wajen mai tsire, muna zaune a mota muna ci, ta ba ni wani labari ina ta dariya. Ashe wani ɗan unguwarmu ya hango mu. Washegari magana ta zaga cewa wane ya yi budurwa, har ta kai kunnen yayata, ta kira ni tana faɗa. Da na ce ai matata ce, sai ta ce, "To me ya kai ka dariya da ita a titi?" Haka kuma wani otal da muka sauka a wata tafiya, na gaban teburin ya dube mu sama da ƙasa ya ce sai mun nuna shaidar aure. Mu da aka ɗaura mana a ƙofar gida da goro da alawa, wace takarda? Sai hotunan sunan yara na nuna masa a waya. Tun daga nan na je na karɓi takardar shaida, ina ba kowa shawara ya yi, ko don biza ma tana amfani.

Abin da na lura da shi, a garuruwanmu in aka ga namiji da mace suna raha a waje, ba a kawo cewa matarsa ce. An saba ganin miji a gaba fuska a ɗaure, mata a baya da goyo da jaka. Shi ya sa mai son fita da matarsa yake jin kamar laifi zai yi.

Almajirin Malam:
@Abu Hanan ko wannan akwai makamancinsa. Manzon Allah (SAW) yana i'itikafi Nana Safiyya ta ziyarce shi da dare, ya taso ya raka ta. Wasu Ansar biyu suka gan su suka ƙara sauri, ya ce su dakata, Safiyya ce. Ya kawar da zargin, amma bai fasa rakiyar ba.

Hajiya 'Yar Saudiyya:
Ni abin da ke ɗaure min kai ke nan. Ku je Umara ku ga mazanmu. A ɗawafi ya riƙe hannunki gam kada ki ɓata, ya tare miki turereniya, ya ɗebo miki zamzam, ku zauna a harabar masallacin Madina kuna cin dabino da shayi, ku shiga kasuwa tare yana tambayar wace abaya kike so. Mutumin nan dai, ana sauka filin jirgin Malam Aminu Kano sai ya ba ki taku goma. Addinin bai canza ba tsakanin Jidda da Kano. 'Yan unguwa ne babu su a can.

Ɗan Majalisa:
Wannan gaskiya ce mai ɗaci. Ni ma na yi.

Uwar Zaure:
Mai saƙon ta sake rubutowa:

"Anti na karanta duka, Allah Ya saka wa kowa, musamman Hajiya Babba. Na gwada abin da ta ce. Da na kawo abinci na zauna na tambaye shi yaya kasuwa, yaya maganar kayan da ya ce sun maƙale a hanya. Ya ɗago ya dube ni ya ce, lafiya, ko akwai abin da kike so in saya? Na ce babu. Ya ɗan yi jim, sai ga shi yana ta bayani, har abokansa suka kira shi ya ce yana zuwa. Ya dai tafi, amma a makare. Jiya kuma shi da kansa ya tayar da maganar Yankari. Ya ce in an yi hutun makaranta zai duba, amma da sharaɗi: za a tafi da Hajiyarsa, da yara, da ƙanwarsa da ke gidanmu. Ya ce ba zai iya kallon idon Hajiya ya ce zai kai matarsa shaƙatawa ita tana zaune ba. Ni kuma mu biyu nake so. In karɓa ko in jira?"

Maman Ilham:
Tafiya da uwar miji da ƙanwar miji da yara? Wannan ai kicin ɗinki aka ɗauka aka kai daji. Ke za ki yi ta zuba abinci, ke wanka wa yara, ke "sannu Hajiya". Ni dai da na zauna.

Ɗiyar Damagaram:
A'a, ki karɓa da hannu biyu. Mutumin da ya ce aikin 'yan boko ne, yau shi ke sa rana. In Hajiya ta je ta ji daɗi, gobe ita za ta ce ya kai ki. In kika ƙi, magana za ta koma "ba ta son uwata", kuma wannan tabon ba ya goguwa da wuri.

Abu Hanan:
Ina bayan Ɗiyar Damagaram. Kuma ku yi masa adalci, maganarsa ta Hajiya ba ƙarya ba ce. Da yawanmu iyayenmu mata ba su taɓa zuwa ko'ina ba sai Makka, wasu ko Makkan ba su samu ba. Akwai nauyi ka wuce ta gabanta da akwati. Ni sai da na fara kai tawa mahaifiyar madatsar ruwa ta Tiga da jikokinta, ta ga ruwa ta yi ta salati, sannan na samu bakin cewa zan fita da maman yara. Ƙanwar kuma alheri ce gare ki, ita za ta riƙe yara.

Ummu Khairat:
Ta karɓa, amma ta faɗa masa a fili cewa wannan ta Hajiya ce, tata tana nan bashi. In ba haka ba shekara goma zai yi yana cewa "ba na kai ki Yankari ba?"

Baban Sadik:
Kun gani ko? An ba da hannu ana neman kafaɗa. Mutum bakwai a mota, ku lissafa man kawai.

Direban Bauchi:
Ni hanyar nake bi kusan kullum. In daga Kano ne ku tashi ana idar da asuba, ta Wudil, Birnin Kudu, Ningi, ku shiga Bauchi kafin azahar in Allah Ya kiyaye. Ku ci masa a gari, ku yi salla, ku cika tanki a nan, kada ku dogara da samun mai bayan Dindima. Kada ku yi tafiyar dare, zuwa ko dawowa. Da tsohuwa da yara a mota sai an riƙa tsayawa, ku saka wannan a lissafi. A duba taya da safaya tun a gida.

'Yar Bauchi:
Na manta ban faɗa ba, tunda da Hajiya za a je. Ruwan Wikki a ƙasa yake, sai an sauka matakala mai ɗan tsawo daga inda ɗakuna suke, hawowa kuma akwai aiki. In tana fama da gwiwa zai yi wuya ta sauka, sai dai ta zauna a sama cikin inuwa.

Maman Ilham:
To na janye maganata. Hajiya da jikoki da ƙanwa su zauna a sama su tsare leda kada birai su ɗauke, ke da Abban yara ku sauka ganin ruwa. Ki ce masa ya bar wayar a ɗaki kada ta jiƙe.